Ɗaura Filet da Daidaita Takarda a Injin Ofset: Tambayoyin da Masu Maɗaba'a a Jos Suka Fi Yi

Tambayoyin nan daga bakin masu ƙananan maɗaba'u suka fito, da ofaretoci da yaran da ke koyon aiki a cikin garin Jos, musamman masu riƙe da Kord da GTO da MO na kamfanin Heidelberg na Jamus, injinan da yawancinsu sun sha aiki a Turai kafin a loda su zuwa nan. Kusan duka a wuri guda suke tarewa: kala ta ƙi hawa kan kala. An fara da tambayoyin masu koyo, sannan aka gangara zuwa na waɗanda hannunsu ya daɗe cikin tawada.

Wai me ke faruwa tsakanin filet da takarda a cikin inji?

A injin ofset filet ba ya taɓa takarda. Silinda uku ne ke aikin. Ta farko tana ɗauke da filet, wato siririn farantin alminiyum da aka gasa hoton aikin a jikinsa. Ita ke karɓar ruwa da tawada, ta shafa wa ta biyu wadda aka naɗe da bargon roba. Ta uku ita ke riƙe da takarda tana danna ta a jikin bargon. Hoto da hanyarsa, takarda da tata, sai a layin da silinda ta biyu da ta uku suke gogar juna ake haɗuwa.

Abin da ake kira rajista shi ne wannan haɗuwar ta riƙa faɗawa wuri ɗaya a kowace takarda, daga ta farko har ta ƙarshe. A aikin baƙi zalla, irin rasit ko takardar jarrabawa, ko an ɗan goce ba mai lura. Amma fosta mai hoton fuska kala huɗu ce: shuɗi, ja, rawaya da baƙi. A inji mai kai ɗaya takardar sau huɗu za ta ratsa, da filet huɗu, wani lokacin ma sai an kwana ana yi. Ƙarafan da za a yi magana a kansu kashi biyu ne: masu tsare filet kada ya motsa, da masu kai takarda wuri ɗaya kullum.

Waɗanne ƙarafa ne ke riƙe filet a jikin silinda?

Silindar filet tana da wani rami da ya bi tsawonta, a cikinsa akwai kilam biyu. Na gaba yana cije bakin filet, na baya yana cije wutsiyarsa. Kowanne yana da sukurori iri biyu: masu ja, waɗanda ke miƙar da filet ya lafe a jikin silinda, da na gefe, masu matsar da kilam ɗin hagu ko dama. A injinan da aka tanadar wa haka, kilam na gaba yana da fil guda biyu da ke shiga hudar da aka yi wa bakin filet. Ƙarƙashin filet kuma akwai shimfiɗa, takarda ko leda mai sanannen kauri. A ƙarshen silindar, hagu da dama, akwai zoben ƙarfe mai santsi. Daga kansa ake auna tsayin filet da na bargo.

Sababbin injina, irin Speedmaster mai Autoplate, su ke jan filet su ɗaure da kansu, ofareta miƙawa kawai yake yi. A Kord kuwa, wanda Heidelberg ta fara irinsa a 1962, da GTO da ya fito a 1972, hannu ne da sifana.

Mene ne amfanin huda filet, tunda ana iya ɗaura shi haka nan?

Ana iyawa, amma za ka biya da lokaci da takarda. Huda ita ce ke sa filet huɗu su zauna a kilam a wuri iri ɗaya. Idan an huda su da inji guda, a kan ma'auni guda, filet na biyu yana hawa ka ga alamar kuros ɗinsa, wato ɗan gicciyen da ake sawa a gefen aiki don duba hawan kala, ta kusa faɗawa kan ta farko, saura gyara kaɗan. Ba huda kuwa, ido ne zai yi aiki, kuma takardun gwaji za su yi ta tafiya.

Tazarar da ke tsakanin fil biyun ba ɗaya ba ce a kowane inji: a GTO 52 milimita 425 ce, a Speedmaster 102 kuma 780. Don haka in za ka aika aiki wurin masu gasa filet da kwamfuta, ka faɗa musu sunan injinka da girman filet ɗinka da nisan da hoto zai fara daga baki. Ka lura kuma hudar biyu ba kama ɗaya suke ba. Ɗaya ta matse fil ɗin daidai, ɗaya tana da ɗan faɗi. Da gangan aka yi, domin ɗaya ta tsare gefe, ɗayar ta ba filet sarari ya kwanta ba tare da ya yi tudu ba. Yaron da ya ɗauki zarto ya faɗaɗa matsattsiyar don "ta ƙi shiga" ya kashe amfanin hudar gaba ɗaya.

Yaya ake ɗaura filet yadda ya kamata?

Kafin ka taɓa sabon filet, ka mai da kilam biyun tsakiya, ka sassauta sukurorin ja su koma inda suke na asali. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Ofareta ya ja kusurwa ɗaya a aikin jiya, yau ya ɗora sabon filet a kan karkataccen kilam, sannan a yi ta zagin mai gasa filet. Bayan nan ka goge jikin silinda da bayan filet. Ɗan ɓurɓushin busasshiyar tawada ya isa ya ɗaga wuri ya fito a bugu. Ka tura bakin filet har hudar ta zauna sosai a kan fil biyun, ka rufe kilam daga tsakiya zuwa gefe, ka sa shimfiɗa. Sai ka sa matsi tsakanin filet da bargo, ka juya inji a hankali yadda bargo zai riƙa lafe filet ɗin a jikin silinda har wutsiya ta iso. Ka sa ta a kilam na baya, ka rufe, ka ja sukurori kaɗan-kaɗan, bi da bi, daga tsakiya. In ka ƙwanƙwasa filet da yatsa kusa da kilam ka ji ba ya amsawa kamar akwai iska a ƙasa, ya isa.

Maganar da ba a wasa da ita: a wannan aikin mutum ɗaya ne ke da iko da maɓalli, wato wanda hannunsa ke cikin inji. Wasu injinan tokumbo sun zo an cire musu murafun kariya, ko an haɗe wayoyin da ke tsayar da su. Riga mai faɗin hannu, carbi a wuya, tsumma a hannu inji na juyi, duk ba wurinsu ba ne nan. Kuma kada sifana ta kwana a ramin silinda; ka ƙirga kayan aikinka kafin ka tayar.

Filet ɗina yana tsagewa a wurin lanƙwasa tun aiki bai yi nisa ba. Me ke jawowa?

Abu biyu masu karo da juna suna haifar da wannan. Ko an ja shi fiye da kima, ko kuma bai lafe ba, yana ɗan motsi a duk juyi har alminiyum ya gaji ya tsage. Na biyun ya fi yawa. Ka duba ko an lanƙwasa wutsiyar a karkace, ko shimfiɗa ta zame ta naɗe a baki, ko matsi tsakanin filet da bargo ya yi yawa. Kauri ma yana da hannu: filet mai milimita 0.15 na ƙananan injina ne, mai 0.30 na manya. In ka sauya kauri ba ka sauya shimfiɗa ba, lissafin ya rushe. Duba amsar da ke kan tsawon hoto a ƙasa.

Mene ne len gaba da len gefe?

Su ne ƙarafan da takarda ke jingina da su kafin inji ya karɓe ta. Takarda ta sauko daga fida, wato sashen da ke ɗauko ta daga tari, a kan tebur, bakinta ya daki len gaba ta tsaya cak. Sai len gefe ya kai ta jikin wani ɗan bango na ƙarfe. A daidai lokacin giripa, yatsun ƙarfen da ke kama bakinta, su cafke ta, len gaba su kauce, ta wuce. Duk wannan a ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Wuri uku takarda ke buƙata ta zauna daram, biyu a gaba ɗaya a gefe, kamar tukunya a kan murhu. Inji yana da len gaba da yawa a jere, amma ga takarda mai ƙwari biyu kawai ake so su yi aiki, ɗaya wajen kwata na faɗinta daga hagu, ɗaya wajen kwata daga dama. Sauran a ɗan ja su baya. In uku ko huɗu suna taɓa baki, kuma yankan takardar bai miƙe sarai ba, za ta riƙa zaɓar inda za ta jingina, wannan ta zaɓi nan waccan ta zaɓi can. Kowane len gaba yana da ɗan murfi a samansa da ke hana bakin takarda tashi. A saita shi da kaurin takardar aikin ninki biyu ko ɗan fiye. In ka tashi daga kati ka koma siririyar takardar bon mai giram 60 ba ka sauke murfin ba, baki zai riƙa tsalle.

Len gefe nawa wani lokaci yana kai takarda, wani lokaci ba ya kaiwa.

Iri biyu ne: mai turawa, wanda aka fi gani a ƙananan injina, da mai ja, na injina masu fidar da ke jero takardu suna hawa kan juna. Kowanne ne, tafiyarsa gajera ce. Ka tsayar da tarin takarda yadda za ta iso da tazarar kamar milimita 5 daga bangon le. In tazarar ta yi yawa ba zai kai ta ba, in babu tazara kuma takarda za ta hau kansa.

A mai ja, ƙarfin sifirin ne magana. Ya yi sanyi, kati ya fi ƙarfinsa. Ya yi yawa, siririyar takarda ta daki bango ta lanƙwashe ko ta dawo baya. Ka kuma duba ƙananan tayoyin da ke kan tebur: idan takarda ta isa len gaba, tayar baya ta tsaya a daidai wutsiyarta, kada ta hau kanta. In ta hau, tana danne takardar a lokacin da len gefe ke son ja. Sai datti. Hodar da ake fesawa don hana takardu mannewa tana haɗuwa da mai ta zama ƙullu a cikin le, kuma ita kaɗai ta isa ta sa a kira injiniya a banza. Buroshi da ɗan kananzir su ne farkon magani.

Me ya sa ake cewa a bar wa giripa wuri? Kwastoma na so hoto ya cika takarda.

Giripa yatsun ƙarfe ne da ke jere a kan sanda, kowanne yana danne bakin takarda a kan ɗan matashinsa. Inda suka kama ba ya ɗaukar tawada. Yawanci milimita 8 zuwa 12 ne, gwargwadon inji. In ana son hoto ya cika har baki, sai a buga a takardar da ta fi aikin girma a yanke daga baya. Wannan lissafin tun a kwamfuta ake yinsa. Kord 64 yana ɗaukar santimita 46 da 64, GTO 52 kuma 36 da 52, don haka A2 yana shiga na farko da sarari, A3 yana shiga na biyu. Mai zanen da ya cika fayil har baki, shi ya jefa ofareta cikin rage cizon giripa, kuma takardar da aka kama da ƙyar tawada mai danƙo tana iya fizge ta.

Kala ba ta hau ba. Ta yaya zan san laifin filet ne ko na tafiyar takarda?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan, kuma amsarta ba ta buƙatar sifana. Ka zaro takarda ashirin a jere, ka duba kuros ɗinsu da gilashin ƙara girma. In gocewar iri ɗaya ce a dukansu, gefe ɗaya, nisa ɗaya, to takarda tana zuwa daidai, filet ne bai zauna inda ya kamata ba. Wannan gyaran sukuru ne ko na juya silinda. In kuwa wannan ta hau, waccan ta goce hagu, ta gaba ta goce sama, to ka bar filet ya huta. Ko ka kwana kana jansa ba za ka kama abin da ke yawo ba. Matsalar tana fida, ko le, ko giripa, ko jikin takardar.

Gwajin bugu biyu shi ke raba gardama. Ka buga takarda hamsin, ka mai da su fida ka sake buga su da filet ɗin nan, ba tare da ka taɓa komai ba. Inji mai lafiya zai ɗora layi kan layi har ka ɗauka sau ɗaya aka buga. In layin ya rabu hagu da dama, len gefe ne. In ya rabu gaba da baya, len gaba ne ko lokacin da giripa ke karɓa. In a kusurwa ɗaya kawai yake rabuwa, ka nemi giripan da ya saki a wannan ɓangaren.

Akwai kuma dabarar da ba ta cin ko kwabo: a sa ɗan gajeren layi a filet daidai inda gefen takarda yake faɗawa, rabi a kanta rabi a waje. In takardu suka taru a wurin sauka, ka dubi gefen tarin. Miƙaƙƙen layi daga sama har ƙasa yana nufin len gefe na aiki. Duk takardar da ta kauce za ka gan ta da ido, ka zare ta tun kafin kala ta biyu.

Kuros na gaba sun hau, na baya sun ƙi. Ina zan taɓa?

Ka fara duba wace hanya suka goce. In hoton kala ta biyu ya fi na farko tsawo ko gajarta daga baki zuwa wutsiya, maganar shimfiɗa ce. Ƙa'idar tana ba masu koyo mamaki: ƙara shimfiɗa ƙarƙashin filet yana gajarta hoto, ragewa yana tsawaita shi. Kuma duk abin da ka ƙara wa filet sai ka rage wa bargo, don matsin da ke tsakaninsu ya tsaya a wajen milimita 0.10. Shimfiɗar milimita 0.05 tana iya sauya tsawon hoto da kimanin 0.2, saboda haka da maikuromita, ma'aunin kauri, ake wannan aikin. Yage shafin tsohuwar kalanda a cusa ba awo shi ke kawo rabin rigimar da ake yi da Kord. Ɗan ƙaramin bambanci ana iya cike shi da jan wutsiyar filet, amma alminiyum in ya miƙe ba ya komawa.

In kuwa wutsiyar takardar ce ta buɗe, kuros na hagu ya fita hagu, na dama ya fita dama, to takarda ce ta sha ruwa da matsi ta baje. Ka rage ruwa iya yadda filet zai jure, ka rage matsin silinda ta uku, ka duba zaren takarda. Takarda ta fi kumbura ta kwancen zarenta, shi ya sa ake son zare ya bi tsawon silinda, domin kumburin ya tafi ta hanyar da shimfiɗa za ta iya gyarawa. Ga inda ake faɗawa: babbar takarda mai inci 24 da 36, in zarenta ya bi dogon gefe, ka raba ta biyu don Kord, zaren ya koma bin gajeren gefen. Ka yaga ɗaya ka gani. Ta inda yagewar ta miƙe, nan zare ya bi.

Hoto ya karkace, kusurwa ɗaya ta hau ɗaya ta yi ƙasa.

Ka sassauta wutsiya tukuna. Sannan ka ja kilam na gaba a ɓangaren da ke buƙatar matsowa, ka ɗan tura kilam na baya gefe don filet ya juya gaba ɗayansa, ka sake ja. Wanda ya ja kusurwa ɗaya alhali wutsiya na ɗaure, murɗe filet yake yi, kuma tsakiyar hoton ba za ta hau ba ko da kuros huɗu sun hau. Wasu suna gyara karkata da len gaba. A kala ta farko ba laifi in kaɗan ne. Daga ta biyu kuwa kada a taɓa le, don duk kalolin da suka rage a kan zaman farko za su dogara.

Rubutu yana fitowa da inuwa, ko hoto ya yi duhu fiye da na kwamfuta. Shi ma rajista ne?

Ba lallai ba. In ka duba da gilashi ka ga kowane ɗigo cikin ƙananan ɗigogin da suka haɗa hoton yana da ɗan'uwa mai haske a gefensa, ninki ne. A inji mai kai biyu ko huɗu yana faruwa in giripa ba su miƙa takarda wuri ɗaya ba, sai tawadar da takardar baya ta bari a bargo ta sauka kusa da sabuwa. In kuwa ɗigon ya ja wutsiya ya zama kamar ƙwai, zamewa ce: bargo ya saki, ko shimfiɗa ta yi yawa, ko tawada ta cika. Ka ɗaure bargo, musamman sabo, don yana saki bayan bugun farko. In abin bai tafi ba, ka koma amsar giripa da ke biye.

Yaya ake gane giripa sun gaji?

Ka yanka siririyar takarda mai ƙwari, ka juya inji da hannu har giripa su rufe a kanta, ka ja. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata ƙarfin riƙon ya zama ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Wanda takarda ta zame daga bakinsa, ko matashinsa ya cinye ya yi santsi, ko sifirin ya mutu, ko hoda ta cushe shi ya daskare a kan sanda. Ka kuma duba ɗan boris ɗin da ke bin kam, wato ƙarfe mai tudu da kwari, yana buɗe su. In ya yi faƙo a gefe ɗaya ko yana girgiza, lokacin buɗewa da rufewa ya lalace, kuma in ya fashe inji na gudu ɓarnar ba ƙarama ba ce.

Wankewa da sa giris aikin ofareta ne. Saita tsayin matasai da lokacin karɓa aikin injiniya ne mai ma'auni. Ɗaure giripa ɗaya da ido don ya fi kamawa yakan sa bakin takarda ya yi tudu, sai ƙunci, wato yamutsewar takarda, ya bayyana a wutsiya.

Gaba ya yi kyau, amma da na juya takarda baya bai zauna kan gaba ba.

Gefen takardar da ya jingina da le a bugun farko, shi ne zai jingina a na biyu. In ka juya takarda hagu zuwa dama, wannan gefen ya koma ɗaya ɓangaren, don haka dole ka koma len gefe na can. In ba ka yi ba, duk bambancin faɗin da ke tsakanin takardu zai fito a bugu. In kuwa ka kifa ta gaba zuwa baya, bakin giripa ne ya sauya, kuma wannan ba ya yiwuwa sai an yanke takardun tsawo ɗaya cif. Takardar da aka yanka da dakusasshiyar wuƙa, ta sama da ta ƙasan tari ba girmansu ɗaya ba. Ka sa alama da biro a gefen tari, kusurwar le, tun a wurin yanka, kuma ka gaya wa mai yankan ƙarshe da mai naɗi wace kusurwa ce.

Me ya sa aiki ya fi ba da wahala da hunturu?

Takarda tana son iska mai laima kusan kashi 50 cikin 100. Hunturun Jos kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bushewa ce da sanyi da ƙura, kuma a lokacin ne aikin kalanda da katunan biki ke yawa. Rim ɗin da aka buɗe aka bari, gefunansa suna bushewa su tsuke, tsakiya ta yi ƙundu. Takardu suna manne wa juna da teburin fida, su iso len gaba a makare ko a karkace. Sanyin safiya yana ƙara wa tawada danƙo, ta riƙa jan takarda daga bakin giripa. Da damina abin yana juyawa: gefuna su sha laima su yi igiya-igiya, ƙunci ya fito a wutsiya.

Kada a buɗe rim sai za a yanka. Tsakanin kala da kala a lulluɓe tari da leda. In da hali, kada aikin kala huɗu ya kwana rabi. Takardar da ka bari da yamma ba ita za ka tarar da safe ba. A karkaɗa takarda sosai iska ta shiga kafin a loda, a bar inji ya yi ɗan gudu ba takarda tawada ta saki. Yayyafa ruwa a ƙasan shago yana ɗan rage mannewar, ba dai ya kawar da ita ba.

Fida tana ɗaukar biyu-biyu, ko ta riƙa tsallake. Wannan ya shafi rajista?

Ƙwarai, don takardar da ta baro fida a makare ba ta samun lokacin nutsuwa a jikin le. Ka duba robobin tsotso ko sun tsage, ka duba tsayin tari, ka daidaita iskar da ke raba takardu. Na'urar gane biyu a saita ta da takardar aikin: ɗaya ta wuce, biyu su tsayar da fida. Kashe ta don tana damunka hanya ce ta lotsa bargo. Famfon iska ma yana da matata da ƙurar hunturu ke toshewa. In kuma a janareta kake aiki, ƙaramin da ke nishi in an ɗora masa inji da famfo tare zai sa tsotso ya riƙa ƙarfi yana sanyi. Rage gudu ya fi sauƙi a kan sake buga aiki.

In wani ƙarfe ya lalace, in sa a ƙera mini a Dilimi, nan cikin Jos, ko in yi odar na asali?

Ya danganta da ƙarfen. Noti, washa, hannun juyawa, maƙalar tayoyin tebur, duk mai injin tona, wato injin feraye ƙarfe, da ya iya aikinsa zai fitar maka da su, kuma su yi. Amma fil na kilam, matashin giripa, kam da boris ɗinsa, ƙarfe ne da aka ƙarfafa aka goge shi a kan awon da bai kai kaurin gashi ba. Na ƙira zai yi mako biyu ya cinye, wani lokacin ya ci abokin gogarsa mai tsada. A nan araha ba ta ado. Masu kayan injin bugu sun fi yawa a Legas, wajen Shomolu da Mushin. Ka aika da hoton ƙarfen, da lambar da ke jikinsa, da lambar injin, don inji mai suna ɗaya yana iya bambanta daga shekara zuwa shekara. Matasan giripa kuma a sauya su layi guda. Sabo ɗaya a tsakiyar tsofaffi ya fi su tsayi. Walda a jikin kilam ko sandar giripa a guje ta, zafi yana karkatar da su.

Gocewa nawa ce za a iya bari ta wuce?

A hoto mai layin ɗigo 150 a inci, tazarar layi da layi kusan milimita 0.17 ce, kuma abin da aka saba yarda da shi rabin wannan ne, wato ƙasa kaɗan da 0.1. Fostar da za a manna a bango a kalla daga nesa tana jure fiye da haka. Farin ƙaramin rubutu a cikin kala huɗu ba ya jurewa ko kaɗan. In injinka tsoho ne, ka roƙi mai zane ya yi ƙananan rubutu da baƙi zalla, ya kuma sa kaloli masu maƙwabtaka su ɗan hau kan juna don kada fari ya leƙo.

Zan sayi tokumbo. Me zan duba a wannan ɓangaren kafin in biya?

Kada ka yarda da inji a tsaye, fenti ba ya bugu. Ka je da takardarka da filet mai siraran layuka da kuros a kusurwa huɗu da tsakiya, ka yi gwajin bugu biyu da aka bayyana a sama, sau ɗaya a hankali, sau ɗaya da gudu. Ka cire bargo da filet ka shafa jikin silinda, ka nemi lotsawa ko wurin da aka cike. Ka duba zoben gefe ko ya yi tsatsa ko rami, ka duba sukurorin kilam ko haƙoransu sun cinye, ka bi giripa da siririyar takarda. Lambar bugun da ke kan mita ba abin dogaro ba ce.

In ya iso Jos bayan doguwar tafiya a bayan mota, a dasa shi a kan daɓen kankare mai kauri, a daidaita shi da ma'aunin ruwa ta tsawo da ta faɗi, sannan a sake gwajin bugu biyu kafin injiniyan da ya haɗa shi ya karɓi cikon kuɗinsa. Takardun gwajin nan guda biyar a rubuta musu kwanan wata a ajiye a leda, don a samu abin gwadawa da shi ranar da inji ya fara canza hali.